Yadda Za Ka Yi Kiwon Gizo-gizon Turawa a Nguru Ba Tare da Ka Rasa Matarka Ba

Kowa a Nguru yana kiwo: mai rago, mai tantabara, mai kifi a tanki. Kai kuma ka ga wani Bature a waya yana shafa gizo-gizo mai gashi, faɗin tafin hannu, wanda suke kira tarantula, zuciyarka ta ce kai ma ka isa. To ka zo inda ya dace. Ni ne Hizbullahi mai kayan waya na bakin kasuwa. Wata biyar na yi a wannan harka, kuma daga nan har Jajimaji babu wanda ya kai ni daɗewa a cikinta. Ga alkawarina: bi matakan nan, za ka ƙare da tarantula da matarka a gida ɗaya, kowa lafiya lau. Babu ko tantama.

Mataki na 1: Shigo da ita garin

Ka yi oda daga Legas, ta sauka Kano, direba ya ƙaraso maka da ita. Abin lura shi ne abin da za ka rubuta a jikin kwali. Ni na sa an rubuta "maganin basir, kada a buɗe". Ban san rabin motar na fama da shi ba. Da aka tsaya salla a Haɗeja wani dattijo ya buɗe don ya ɗan ɗiba, kuma Rabe direba ya ce tun da yake tuƙi bai taɓa ganin tsoho ya fita ta taga ba sai ranar. Kai ka rubuta "takardun kotu". Ko kallonsa ba za a yi ba.

Mataki na 2: Ɗaki da suna

Nemi roba mai murfi, ka huda ta da ƙusa, ka zuba ƙasa, ka ajiye murfin kwalba da ruwa, da ɓarin tukunya inda za ta ɓuya. Kada robar ta zama wadda matarka ke adana busasshiyar kuɓewa. Ban ce ni na yi haka ba, na dai san yadda ake ƙarewa.

Tawa ranar Asabar ta iso, na sa mata Asibi. Kada ka yi wa kowa takwara a dangin matarka, komai kamar da ka gani.

Mataki na 3: Abinci

Fara take ci, kuma Allah ya hore mana fara. Matsalar ita ce mai rai take so. Je kasuwa ka ce wa mai soyayyar fara, "Iya, a ba ni guda huɗu masu motsi." Za ta dube ka, ta ja farantinta gefe, ta tofa addu'a. Daga nan sai ka koma farautar kyankyaso a bayan bayi. Maƙwabta za su leƙo ta katanga su ga magidanci da gemunsa a tsugune yana lallaɓa kyankyaso da kofi. Ka gaishe su da fara'a, masana ba sa jin kunya.

Kada ka sa ran godiya. Asibi ba ta san ni ba, ba ta taɓa ɗago kai don na shigo ba, wani lokaci ta yi wata guda ba ta taɓa abin da na kawo ba. Idan kana da ɗan'uwan da ya samu muƙami, ka riga ka saba.

Mataki na 4: Sanar da uwargida

Nan ne ake gane gwani. Hayaƙi yana kashe tarantula, maganin sauro ma haka. Ke nan dole ka tsaya gaban matarka ka ce a daina fesa fiya-fiya a Nguru, garin da sauro ke da unguwanni nasa, sannan a daina turaren wuta.

Matata Fanne Babarbariya ce daga Gashuwa. Da kasko aka kawo ta, turarenta kala bakwai ne, kowanne da ranarsa. Robar kuɓewa ta yafe. Kyankyasai ta kau da kai. Amma da na zo kan turare sai ta ajiye tsintsiya a hankali.

"Malam, maimaita. In kashe kaskona saboda wa?"

"Saboda Asibi. Ƙirjinta ba ya son hayaƙi."

"Ni shekara shida ina shaƙar warin safarka, ka taɓa tambayar ƙirjina?"

Kada ka amsa wannan tambaya. Ni na amsa, kuma kafin la'asar tana motar Gashuwa, da kaskon a cinyarta.

Mataki na 5: Biko

Sa babbar riga, sayi goro da bandar kifi, ka tafi. Surukina Goni Dunoma malami ne mai sanyin magana. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi.

"Hizbullahi, abin nan ana cin sa?"

"A'a, Baba."

"Yana gadi? Yana ƙwai a sayar?"

"A'a, Allah gafarta Malam. Kallonsa ake yi."

"To je ka ka yi ta kallo. Ranar da ya mutu ka zo ka ɗauki matarka."

Na fito ina murna, don na ɗauka gizo-gizo bai wuce damina ɗaya. A cikin mota na duba waya. Macen tarantula tana kai shekara ashirin da biyar. Kai ka duba wannan kafin ka ce "na amince".

Kwana arba'in na yi ni kaɗai. Sauro ya mayar da ni gonarsa. Gidan ya koma warin ƙasa da kyankyaso da ni kaina. Zan faɗa maka gaskiya, tun da ba ta karanta irin wannan rubutu: na yi kewar Fanne har abinci ya daina min daɗi. Filonta nake ɗauka in shinshina, ƙamshin yana raguwa kullum.

Mataki na 6: Idan ka same ta a kwance rigingine

Wata safiya za ka buɗe roba ka ga tarantularka ta yi rigingine, ƙafafu takwas a sama, ko motsi babu. Mu nan ba ma jinkiri da mamaci. Kafin a gama salati an sanar, kafin azahar an kai. Haka na yi. Na kira Gashuwa nan take.

"Baba, Asibi ta cika."

"Ka tabbata?"

"Wallahi tallahi, ga ta a gabana."

Fanne ta karɓi wayar. "Kada ka binne ta. Sai na gani da idona."

Na rufe roba, na ɗauko shatar mota, na je na taho da ita tare da gwaggonta Ya Falmata, wadda Goni ya haɗo mu da ita a matsayin shaida. Na shiga gaba ina sharar hawayen da ban san na baƙin ciki ne ko na murna ba, na buɗe murfi.

Biyu na gani. Ɗaya a yashe a gefe, bayanta a tsage. Ɗaya a tsaye, ta fi da girma, baƙa wuluk tana sheƙi kamar an shafa mata mai.

Ya Falmata ta leƙa, ta ja da baya. "Yaron nan, ka rantse ta mutu. Ashe haihuwa ta yi."

Ga ilimin da za ka samu kyauta, ni da mutuncina na saye shi: tarantula tana saɓa kamar maciji, kuma a rigingine take yi. Ba mutuwa ba ce, sabuwar riga ce. Kada ka taɓa ta, kada ka sanar, kuma don Allah kada ka rantse wa Goni.

Mataki na 7: Zaɓi

Fanne ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta zauna a tsakar gida, ta fito da kasko daga jaka, ta hura gawayi, ta barbaɗa turare, ta ajiye shi a ƙofar ɗakin da robar take.

"Malam, ban sallami direba ba. Kafin hayaƙin nan ya cika ɗaki, ɗayanmu za ta shiga motarsa."

Ƙamshin ya taso ya same ni a tsaye. Kwana arba'in rabona da shi. Idona ya ciko, na ce hayaƙi ne. Na shiga na ɗauko robar, na cire saɓar a hankali na ajiye a kan taga, na kai Asibi mota. Rabe ne direban. Da ya gane robar sai da na ninka masa kuɗi, kuma a but ɗin bayan mota ya sa ta. Yanzu tana Kano wurin wani ɗalibi marar mata, na ji ta ƙara ƙiba, ba ta kuma tambaye ni ba.

Saɓar kuwa tana nan. Fanne da kanta ta sa ta a kwalbar turaren da ta ƙare, ta jera a kabet tsakanin kofunan baƙi. Ƙafa takwas cif, gashi da komai. Ba ta cin fara, ba ta tsoron fiya-fiya, kuma duk Juma'a ana turara ta tare da labule. Wannan ita ce irin wadda nake ba kowane sabon shiga shawara ya fara da ita. Na ce maka tarantula da mata a gida ɗaya, ga shi na cika.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a cizon sauro, gudun fasinja, ko kallon da maƙwabta za su riƙa yi maka a masallaci. Azumi ukun da Goni ya ɗora min, wai ko rantsuwar kuskure ce in yi don in yi hankali, ni na yi nawa, kai ma naka na kanka. Idan matarka ta tafi, kada ka bugo min waya in raka ka biko. Fanne ta ce in aka sake jin sunana a maganar gizo-gizo, kwalba ta gaba tawa ce.