Taswirar Waya Ta Kai Ni Zaman Makoki

Ba zan taɓa mantawa da baƙin nan uku ba, kuma ko na so in manta 'yan unguwarmu ba za su bar ni ba. Ni haifaffen Kwarbai ne. Da na gama karatu na rasa aiki, sai na koma zagayawa da masu yawon buɗe ido cikin birnin Zazzau, ina cika baki wai ni ɗan jagora ne na zamani (ma'ana dai ina da babbar waya da gajeren wando).

Ranar an haɗa ni da wani dattijo Bajamushe, da wata 'yar Koriya, da wani saurayi ɗan Indiya. Bajamushen ya baro wayarsa a masauki, wai waya tana hana mutum ganin gari. 'Yar Koriyar ba ta yarda da hanyar da ba ta gani a taswirar wayarta ba. Ɗan Indiyan kuwa tun daga Ƙofar Kibo ya maƙala waya a sanda, yana nuna wa masu binsa a intanet komai kai tsaye, har awaki.

Ina Kaduna wajen ɗauko su aka yi jana'izar kakan Bilkisu, yarinyar da nake nema da aure. Mun shirya da Kawuna bayan la'asar zan sa babbar riga mu je mu yi wa mahaifinta, Alhaji, ta'aziyya. Dama da ƙyar Alhaji ya yarda cewa yawo da baƙi sana'a ce.

Da za mu juyo, 'yar Koriyar ta nuna mini wata hanyar yanke a wayarta. Bajamushen ya ce, "Ba garinku ba ne? Ka bi inda ka sani mana." Don kada a ɗauke ni baƙauye, sai na buɗe tawa taswirar, na sunkuyar da kai, na yi ta bin shuɗin layi lungu-lungu, a garin da aka yanke mini cibiya.

Ban ɗago ba sai da ƙafata ta taka tabarma. Ga dattawa jere a ƙofar gidan Alhaji, liman ya ɗaga hannu ana addu'a. Ɗan Indiyan ya miƙa sandarsa daf da rawanin liman, ya tambaye ni da ƙarfi, "Wane biki ne wannan?"

Alhaji ya shafa addu'a, ya dubi gwiwoyina da ke waje, sannan ya ce a hankali, "Sannu da aiki, samari. Mu ma muna cikin abubuwan kallon ne?"

Na durƙusa, na fara cewa Allah ya jiƙan rai. Daidai nan wayata ta yi magana da muryar mace, da Turanci, cewa mun iso inda za mu. Ashe a gaggauce sunan layinsu Alhaji na danna a taswirar, ba masauki ba.

Bayan sadakar bakwai aka kira Kawuna aka mayar masa da kayanmu na neman aure. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, kuma har yau raina na ɓaci. Ɗan Indiyan ya ba ni taurari biyar a intanet. 'Yar Koriyar ta rage ɗaya saboda rashin sabis ɗin waya. Bajamushen ya ce bai taɓa ganin al'ada ta gaskiya irin wannan ba.

Yanzu idan baƙo ya nuna mini taswira, sai in ce ya mayar aljihu. Taswira ta san kowane lungu, amma ba ta san gidan surukai ba. Ni kuma yanzu ba ni da su.