Yadda Za Ka Gyara Gangar Surukinka Cikin Mako Biyu

Idan ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari duk tsohuwar gangar badujala da ta shigo hannunka za ta fita tana ƙyalli. Na gwada a kan ta Baba Na'Allah, mahaifin Mufida da nake nema, wanda ya yi shekara talatin yana kaɗa wa 'yan sanda fareti kafin ya zauna a Agege, can Legas. Sau uku magabatana suna zuwa, yana cewa zai yi shawara.

1. Ka ce ka iya
Ran da tsoho ya jawo gangar daga ƙarƙashin gado, ya ce yana so ya ƙara jin muryarta kafin ta Allah ta kasance, kada wani ya riga ka. Ka rusuna ka ce, "Baba, ai aikina ne." Don kai tela ne ba komai, ita ma ganga ɗinki gare ta.

2. Ka kwance komai
Kada ka ɗauki hoto kafin ka fara, wannan aikin masu shakka ne. Duk kusar da tsatsa ta riƙe ka sa mata guduma. Wadda ta karye dama kwananta ya ƙare.

3. Fata
Ka tafi Oko-Oba wurin masu fata. Balarabe mai fata zai ce, "Malam, ta ɗan maraƙi ake sa wa irin wannan." Ka nuna masa ba yau ka fara ba, ka sayi ta bijimi. Idan ka ɗaura ka ji kamar kana dukan katifa, ka koma ka gaishe shi da kyau, ka sayi ta maraƙin. Tsohuwar fatar kuwa ka jefar tun kafin mai sayar da ganda ta ƙyalla ido.

4. Wayoyin ƙasan ganga
Su ne ke sa ganga ta yi tsatsatsa. A kasuwar Jankara wata Bayarabiya za ta jujjuya naka ta ce, "Aboki, wetin be this?" Kada ka tsaya bayani, ka hau motar danfo zuwa kasuwar Alaba. Can Hashimu mai kayan kiɗa zai ce, "Oga, wannan original tokunbo ne, kayan Turai, jiya aka buɗe kwantena." Ka haɗa da sababbin zobba da kusoshi da maratayi.

5. Idan sabon kaya bai shiga ba
Ba zai shiga ba. Ramukan tsohon jikin ba su san zamani ba. Ka duba shi da kyau: tagulla ce duk ta lotse, ga sunayen wasu mutane an karce a ciki da wuƙa. Ka koma wurin Hashimu ka sayi sabon jiki. Tsohon kuma ka miƙa wa ɗan gwangwan na farko da ya wuce da baro, ka huta da tarkace.

6. Ka kai masa
Ka sa babbar riga. Tsoho zai rataya gangar, ya miƙe tsaye kamar ba shi ke fama da gwiwa ba. Zai kaɗa har masu okada su tsaya, Mufida ta leƙo ta labule. Sai ya sauke ta a hankali ya ce, "Madalla, ɗana, tana da murya. Allah ya yi albarka. To, ina tawa?"

A nan masana sun yi saɓani a kan abin da ya kamata ka faɗa. Ni dai tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Shi ya fid da ni. Ya ce, "Kada ka damu idan ba ta gyaru ba. Mu goma sha biyu ne muka karce sunayenmu a jikinta, ni kaɗai na rage. Ran da ka dawo min da ita a yadda take, ka turo magabatanka a sa rana."

Gargaɗi
Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin fasa aure, ɓacin ran tsoho, ko abin da maƙeri ya riga ya narkar. Mai ƙorafi ya same ni a wurin tara ƙarafa na 'yan gwangwan, nan nake wuni yanzu ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ina neman tsohon jikin gangar.