Rasuwar Tabaraun Mala Sammani Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Mala Sammani, tela a Fagge, nake sanar da rasuwar tabarauna, wanda ya cika ranar Talata da magariba, cikin Oktoban nan na 1957, bayan shekara goma sha ɗaya a kan hancina.

Marigayi mai haƙuri ne. Ƙafarsa ta hagu ta karye tun bara waccan, na ɗaure ta da zare, bai taɓa ƙorafi ba. Ba a jin muryarsa sai "ƙiii" in an buɗe shi, da "ƙwas" in ya shiga gidansa. Da shi nake zura zare a allura, da shi nake gane mai sallama.

Ajalinsa daga Sabon Gari ya taso. Malam Nwabueze, malamin ɗana Hambali, ya ji a rediyo wai Rashawa sun harba tauraro sama, sai ya ga ba za a bar shi a baya ba, mutumin da ko facin kekensa bai iya ba. Ya ce yara su koyi ilmi da hannunsu, kowa ya kawo gilashin da ba a amfani da shi, a haɗa madubin hangen sama. Ni kuwa na cire marigayi na ajiye bakin tabarma zan yi alwala. Hambali ya duba, ya ga lallai ba a amfani da shi. Karatun boko ke nan.

Suka ƙwaƙule idanunsa biyu, suka cusa a bututun kwali, suka liƙe da ƙaro. Da magariba aji guda ya yi layi, aka leƙa, aka yi ta tafi wai an ga tauraron Rasha. Ashe fitilar tashar jirgin ƙasa ce. Wajen murnar bututun ya faɗi, wani gwani ya taka.

Marigayi ya bar ni, da keken ɗinki, da allurai marayu, da babbar rigar ango da na yi alkawarin gama aikin wuyanta kafin Juma'a. Sabon tabarau kuwa, an ce sai an aika Ikko, wata uku.

Za a binne abin da ya rage, wato ƙafafun da zaren, cikin gwangwanin maɓalli, gobe da hantsi a ƙofar shagona. Ana gayyatar Malam Nwabueze ya zo da ilminsa ya hango mini kafar allura. Masu ta'aziyya kowa ya faɗi sunansa tun daga bakin ƙofa, har da Hambali, domin jiya ya tsaya a gabana yana kuka, na tambaye shi ɗan gidan wane ne.