Sarkin Taro da Gangunan Guba

Duk mai neman mutumin da ya sadaukar da rayuwarsa don kare mu daga guba, ya daina wahala, ga Sarkin Taro. Ma'aikatansa ne suka raɗa masa sunan, shi kuma ya karɓa hannu biyu, don a ganinsa yabo ne. A takarda, shi ne Daraktan Sashen Sinadarai da Shara Mai Haɗari. A zahiri ya wuce nan. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ba a yi wani taron ƙasashen duniya kan guba ba tare da shi ba. Ya yaƙi guba a otal-otal na nahiyoyi huɗu. Ya yaƙe ta daga kujerar jirgi ta jikin taga. Har ciwon baya bawan Allah ya samo saboda mu.

Katunan taro da ake rataya masa a wuya kuwa, ko ɗaya bai yar ba. Suna nan suna reto a bayan ƙofar ofishinsa, sun yi nauyin da sai an sa kafaɗa ƙofar take buɗewa. Kowa ya shigo sai an karanta masa su ɗaya bayan ɗaya, ko da takarda kawai ya kawo a sa hannu.

"Mu a matakin ƙasa da ƙasa," haka yake buɗe kowace magana, ko da shayi zai ce a kawo masa.

Taku saba'in daga wannan ofis akwai wani tsohon sito. A cikinsa akwai ganga sittin na maganin ƙwari, wanda aka kawo tun wata shekarar da fara ta cinye gonaki, wa'adinsa ya ƙare tun kafin Sarkin Taro ya hau kujera. Kwanon rufin ya huje. Gindin gangunan ya yi tsatsa. Bayan katangar sito gidajen mutane ne, da rijiyar da unguwa guda take sha. Mai gadin wannan dukiya shi ne Baba Mai Sito, dattijon da fatar hannunsa take saɓulewa duk damina, wanda matarsa ta ware wa kayansa bokitin wanki daban.

Duk wata Baba yakan je ofis, ya tsaya bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, ta kusa da ƙofa ta fara zuba."

"Baba," in ji Sarkin Taro, yana gyara tabarau, "wannan batu yana cikin sakin layi na tara na takardar bayan taro. Ƙasashe ɗari da ashirin mun bayyana damuwa matuƙa. Ni na nemi a ƙara kalmar matuƙa. Me kake so kuma?"

Baba yakan koma ya zuba yashi a kan damuwar.

Kada wani ya zargi Darakta da rashin shiga sito. Warin wurin yana shaƙe murya, muryarsa kuwa kadarar ƙasa ce.

Ana nan sai wasiƙa ta zo. Bisa yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla, za a turo tawagar ƙwararru da manyan motoci, su kwashe gangunan zuwa tashar ruwa, jirgi ya kai su ƙasar da take da injin ƙona irin wannan guba. Sarkin Taro ya karanta sau uku, ya tara ma'aikata ya shaida musu cewa guminsa ne ya yi rana. Daga nan ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya toshe hanci da hankici, ya taka har ƙofar sito, ya leƙa.

Abin da ya gani ya girgiza shi. Ba ruwan gubar da ya malala a siminti ba ne, wannan ai Baba ya sha faɗa. Tsatsar ce ta tsaya masa a rai.

"Baƙi za su zo su ga wannan? Da kyamara? A kira mai fenti. Kore nake so, launin muhalli."

"Ranka ya daɗe, takardun da ke manne a jikinsu fa? Su ne ke faɗin abin da ke ciki."

"Waɗannan masu hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa? So kake a ce ma'aikatata maƙabarta ce? A shafe! Baba, ka tsaya kan makullinka, harkar diflomasiyya ba taka ba ce."

Baba ya ce to. Washegari da sassafe, kafin mai fenti ya iso, ya naɗe hannuwansa da tsumma, ya shiga juya gangunan ɗaya bayan ɗaya, yana mai da takardar kowace ta fuskanci bango. Ganga cike ba abin wasa ba ce ga mai shekara sittin da biyu. Ya juya arba'in da ɗaya, ƙugunsa ya riƙe, ya zauna a ƙasa yana haki. Mai fenti kuma mutum ne mai hankali, iya inda ido ke gani yake shafawa. Zuwa la'asar sito ya koma kore shar, kamar lambu.

Ranar zuwan baƙi aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka gwada lasifika sau takwas. Sarkin Taro ya fito cikin sabuwar kwat fara fat, da takalmi mai ɗaukar ido. Da motar tawaga ta tsaya, wata gajeruwar mata mai takalmin roba ta fara fitowa, ta miƙo gaisuwa. Ya wuce ta kamar iska, ya rungume wani dogo mai jaka a kafaɗa, ya zuba masa Turanci mai maiƙo har na minti biyar. Dogon ya jira ya gama, sannan ya ce shi mai ɗaukar hoto ne. Matar ita ce shugabar tawaga, masaniyar sinadarai daga wata ƙasa maƙwabciya, kuma da Hausa ta yi magana.

"Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe. Ina gangunan?"

Amma wa zai ga ganga kafin jawabi? Minti hamsin ya yi. Ya faro daga taronsa na farko, ya bi ta kan kalmar matuƙa, ya sauka kan hoton da ya taɓa ɗauka a bayan wani minista. Shugabar tawaga tana ta kallon sama, inda hadari ya fara haɗowa.

A ƙofar sito aka miƙa wa kowa rigar kariya, da safar hannu, da takunkumi. Sarkin Taro ya ɗaga hannu.

"Ina zaune a zauren da aka amince da wannan rigar. Ni ba baƙon guba ba ne, mun san juna."

Ya shige gaba, ya zaɓi gangar da ta fi samun haske, wato ta kusa da ƙofa, ya jingina da ita, ya ɗora mata hannu kamar tsohuwar abokiyar karatu, ya ce a ɗauka.

Shugabar tawaga ba ta lura da shi ba. Ta tsaya cak tana kallon layin kore.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne," in ji shi, yana murmushi ga kyamara. "Ba sai kin yi godiya ba."

Ta cire takunkumi don ya ji ta sosai. Gangar da ba a san abin da ke cikinta ba, ba ta ƙetare iyaka. Jirgi ba ya ɗaukarta, ƙasar da za ta ƙona ba ta karɓa. Haka yarjejeniyar ta ce, wadda shi ya je taronta. Sai an ɗebi samfuri an kai ɗakin gwaji, wata huɗu aƙalla, motoci kuma gobe za su juya.

A nan Baba ya matso yana ɗingishi.

"'Yata, leƙa ta bayansu."

Ta leƙa, ta haska fitila. Ga ƙoƙon kai, ga rubutu, ga lamba, lafiya lau ta gefen da ke fuskantar bango. Ta bi layi tana dubawa har ta kai ta arba'in da ɗaya. Ta dawo ta kama hannun Baba, ta juya shi ta ga tafin, ta kira likitan tawaga ya duba shi kafin komai. Sauran sha tara kuwa, fenti ya cinye sunansu. Aka shiga neman katako da tamfol, a ɗaga su daga ƙasa, a rufe, su yi wata daminar a bayan rijiyar mutane.

Sai a lokacin idonta ya kai kan Darakta. Gefen kwat ɗinsa, daga kafaɗa har gwiwa, ya jiƙe da wani abu ruwan ƙasa mai kauri, wanda ba fenti ba.

"Ranka ya daɗe, cire kayanka. Yanzu."

"Kin san ko ni wane ne?"

"Na sani. Shi ya sa nake so ka kai gobe."

Aka kare shi da tamfol, maza biyu suka tuɓe shi, aka sakar masa tiyo da sabulu a tsakar harabar ma'aikata. Lasifikar da aka manta ba a kashe ba ta kai ihunsa har titi. Kwat, wando, takalmi da agogo suka shiga buhu mai ruwan ɗorawa, aka liƙe baki, aka manna masa takarda mai ƙoƙon kai, aka loda shi tare da gangunan. Darakta kuwa ya fito cikin rigar kariyar da ya ƙi, wadda ta tsaya masa a ƙwauri, da silifas ɗin Baba.

Washegari ya sanar da ma'aikata cewa a tarihin haɗin kan ƙasashe, ba a taɓa samun daraktan da ya ba da gudummawa da jikinsa kamar shi ba. Aka tafa, don lokacin ƙarin girma ya kusa.

Da motoci suka tashi, matan unguwa da ke ɗiban ruwa a rijiya suka tare Baba a bakin katanga, hannayensa naɗe da bandeji.

"Baba, an kwashe mana masifar duka?"

Baba ya dubi sito, ya dubi tagar ofis.

"An kwashe masu takarda. Saura ganga sha tara da Darakta ɗaya."