Rasuwar Zabuwa Mai Dawakai Ɗari Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin ƙonannen baƙin mai, mai shagon buga takardu na bakin gada, wanda abokai ke kira Ɗari Uku, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da na tsiya rasuwar motarsa, Zabuwa. Ta ce ga garinku nan ranar Talata da yamma, a tsakiyar hawan gadar sama, bayan doguwar jinyar da kowa ya gani ban da mai ita. Ta rasu tana da shekara goma sha huɗu, goma sha uku daga ciki cikin ƙoshin lafiya.

Marigayiya ta shigo gidan ne daga hannun Kawu, tsohon makaniken da ya riƙe Ɗari Uku tun yana maraya, ya kuma damƙa masa makullinta ranar da ya buɗe shago. An shaide ta da kyawawan halaye. Murɗa ɗaya take tashi, ba ta shan baƙin mai, ba ta taɓa sa mutum ya sauko ya tura ta a gaban jama'a ba. Ta ɗauki katan-katan na takarda ba ƙorafi, kuma ita ta kai maiɗakinsa asibiti a haihuwar 'ya'yansu biyu. Ɗan ƙaramin tarbon da kamfani ya sa mata, wato na'urar da ke cusa wa inji iska, ya ishe ta rayuwar duniya. Fentinta ne kawai ya yi ɗigo-ɗigo saboda rana da ruwa, shi ya sa yara suka raɗa mata Zabuwa.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga bencin wajen wankin mota, inda wasu 'yan zaman kashe wando ke yanke hukunci a kan injuna alhali ko keke ba su ajiye ba. Su suka hure wa mai ita kunne cewa yana zaune a kan zaki yana hawan jaki. Su suka kawo Mai Kwamfuta, wani ɗan ba-ni-na-iya da baƙin mai bai taɓa shiga farcensa ba. Ya ciro ƙaramin tarbon ya dasa ƙato, ya sa salansa mai faɗin baki, ya jona kwamfutarsa ya yi ta latse-latse yana gyaɗa kai. Famfon mai kuwa aka bar shi yadda kamfani ya sa shi, tunda a ƙarƙashin kujerar baya yake, ba ya ƙara, kuma ba wanda zai gan shi ya yaba.

Daga ranar muryar marigayiya ta sauya. In an taka totur sai ta ce "fiiiii", in an ɗaga ƙafa ta ce "tsu-tsu-tsu-tsu", 'yan benci su miƙe suna tafi. Mai ita yana tuna wannan sauti da hawaye, maƙwabta kuma suna tuna shi da tsaki.

Sai aka zo batun awo. Mai Kwamfuta ya sa masa wata manhaja a waya mai ƙiyasta ƙarfin doki. Za ka rubuta mata nauyin mota, ka sa giya ta uku ka take totur har ƙasa, ita kuma ta duba saurin da gudun ke ƙaruwa ta zana maka layi. Gwargwadon nauyin da ka faɗa mata, gwargwadon ƙarfin da za ta lissafa. Mai ita ya buɗe ƙofar direba, ya ga ɗan allon ƙarfe da aka buga wa kilo dubu ɗaya da ɗari tara, ya kwafa. Mutum ne da ya shekara ashirin yana buga rubutu, kuma a ganinsa abin da aka buga ba ya ƙarya. Waya ta ce dawakai ɗari uku. Nan ya samo sunan da ya bi shi, nan kuma hankalinsa ya tsaya.

Layin kuwa yana faɗin abin da bai so ji ba. Yakan hau tiryan-tiryan har allurar juyin inji ta kai dubu huɗu, daga nan ya rikito, alhali lafiyayyen inji irin nata yana riƙe ƙarfinsa har kusan dubu shida. Mai ita ƙololuwar kawai yake kallo. Ya kai wa Kawu wayar har gareji don a taya shi murna. Tsoho bai ko dubi lambar ba. Ya bi gangaren layin da babban yatsa, ya kwance filogi ɗaya ya ga bakinsa ya yi fari fat, ya ce ƙishirwa ce: iska ta yi yawa, famfo ya kasa kawo man da zai ishe ta, in ba a sauya shi ba zafi zai huda inji. Ɗari Uku, a gaban masu kawo gyara da masu jiran gyara, ya yi dariya ya ce zamanin sifana ya wuce, Kawu ya bar wa masu ilimi. Kawu ya mayar da filogin, ya ɗaure shi da kyau, ya rufe bonet. Wata uku ke nan bai sake ce masa uffan ba, ko gaisuwa da kai yake amsawa, kuma wannan ya fi mutuwar motar ci wa mai ita rai, ko da yake girman kai bai bar shi ya faɗa ba.

Mai Kwamfuta ya duba gangaren, ya yanke cewa iska ce ta yi kaɗan, ya ƙara mata. Mai ƙishirwa aka ɗura wa gari. Waya ta nuna ɗari uku da ashirin, aka yi shewa a benci, ba wanda ya kula cewa yanzu tun daga dubu uku da rabi layin ke faɗuwa. Marigayiya ta fara wani sabon kuka, "ƙas-ƙas-ƙas", kamar tsakuwa a gwangwani. Mai ita ya ƙara sautin rediyo.

Ranar Talata ya ɗebi uku daga cikin 'yan benci don su shaida. A tsakiyar gada ta ce "ƙas-ƙas", ta ce "ɓum", ta saki hayaƙi shuɗi, ta yi shiru. Tankar ruwa ta wuce su tana hon. Shaidun suka sauka suka tsayar da tasi, ba wanda ya ko tambaya a ina za a kama a tura. An kira Mai Kwamfuta, wayarsa a kashe, kuma har yanzu ba a kunna ta ba.

Kawu ne ya zo da janwe, motar jan matattun motoci, ba tare da an roƙe shi ba. A hanya ya ratsa wajen masu sayen tsohon ƙarfe ya ɗora ta a sikeli. Kilo dubu ɗaya da ɗari uku da hamsin. Ashe lambar jikin ƙofa iyakar nauyin da aka yarda ta kai ne in an cika ta da mutane da kaya. Tsoho ya ciro fensir daga bayan kunne, ya ƙara nauyin direba, ya yi lissafi a jikin kwali, ya miƙa wa mai ita. Ko a ranar da aka yi mata kirarin ɗari uku, dawakan Zabuwa ba su wuce ɗari biyu da ashirin da 'yan kai ba. An buɗe inji an tarar fistin na uku ya huje, yatsa yana shiga.

Ta rasu ta bar mai ita da tafiyar ƙafa, da maiɗakinsa da ba ta ce "na faɗa maka" ba sai sau goma sha ɗaya, da yara biyu masu zuwa makaranta a bas, da tayoyi huɗu masu sauran rai, da ƙaton tarbo maras kunya wanda ko ƙwarzane bai yi ba.

Za a sauke injin marigayiya ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a garejin Kawu. Ba a gayyaci 'yan benci ba, Mai Kwamfuta kuwa in ya zo a riƙe shi. Kawu ya aiko ta bakin maiɗakin Ɗari Uku cewa zai yi aikin da hannunsa, bisa sharaɗi ɗaya: mai ita ya ɓamɓare sitikar 300 da ya buga a shagonsa ya manna a gilashin baya, da farcensa, a tsakiyar gareji. Da gam mafi ƙarfi ya manna ta, irin wanda yake rantse wa masu saye cewa sai ya shekara biyar. Tun jiya yake kankara, farce biyu sun karye, lambar ukun kaɗai ta fita. Da yamma Kawu ya zo ya tsaya a bayansa, ya daɗe yana duban sifili biyun da suka rage, sannan ya dafa kafaɗarsa, ya yi masa magana karo na farko cikin wata uku.

"Tashi ka wanke hannu, ɗana. Bar su haka, yanzu lissafin ya yi daidai."