Kayen Ƙarshe na Dutsen Savai'i

Bangon da ya raba ɗakin canza kaya da ofishin Rhonda falanki ne, ko tari aka yi a can sai mun ji. Ranar kuwa ba tari ake yi ba.

"Na ce ba zan yi ba! Ki nemi wani!" Muryar Penaia ce.

"Wa zan nema da la'asar sakaliya?" in ji Rhonda, mai kamfanin kokawar tamu. "Hotunanku sun cika garin Logan, motar gidan talabijin ga ta can a ƙofa, kai tsaye za a nuna!"

"To ki juya abin. Shi ya kayar da ni, na yarda."

"Penaia, yau ko ka fita da kambun nan, ko ka kwashe takalmanka ka bar mini kamfani."

Ni ne alƙalin wasa, don haka na san ƙarshen kowace kokawa tun ba a kaɗa ƙararrawa ba, domin tamu tsara ta ake yi. Tsarin ranar ba shi da wuya. Malaki, mai riƙe da kambu, wanda 'yan kallo ke kira Dutsen Savai'i saboda tsibirinsu na asali, zai yi wasansa na sallama, jikansa Penaia ya kama kansa ya buga shi da ƙasa, ni in ƙirga uku. A sana'armu, wanda zai bar fage a kwance yake barinsa, ya ɗaga na bayansa.

Malaki yana zaune kusa da ni yana naɗe gwiwarsa da bandeji. Shekarunsa sun haura sittin, gwiwar kuwa ta girme shi. Duk abin da ake faɗa yana ji, bai ɗago kai ba. Na dai lura ya naɗe wuri ɗaya har bandejin ya yi tudu.

Aka banko ƙofa, Penaia ya shigo yana huci, faɗinsa ya kusa cike ta.

"A'a, sannu da zuwa, amarya," in ji Malaki. "An gama kukan, ko in aika a kira uwarka?"

"Sannu da hutawa, Papa. Ashe kana da rai? Na ji shiru, na ce ko an zo an kwashe ka da tsofaffin kujeru."

"Da raina, ja'iri. Na ji wani ɗan maraƙi yana kuka ta bango wai ba zai iya kayar da tsoho ba."

"Ba zan iya ba? Ni da in na yi atishawa sai an nemo haƙoranka a ƙarƙashin dandali?"

"Haƙoran nan sun ci naman da ko a mafarki ba ka gani ba. Ni fa na yi maka wanka a bokiti. Har yau in na tuna abin da na gani sai tausayi ya kama ni."

"Bokitin ma ai matata ce ta riƙe, kai kana gefe kana nishi."

Matar tasa ita ce kakarsa, Sieni, wadda tun yana rarrafe yake cewa ya ƙwace ta daga hannun tsohon.

"Yauwa, ka zo wurin," in ji Penaia, ya zauna a kan akwatin kaya. "Matata tana layin gaba, ita da matan coci kaf, kowacce da maficinta. Ga limamin coci, ga dattawan dangi sun zo tun daga Sydney. A gabansu zan kama kan kakana? Ni da ko wucewa zan yi ta gabanka sai na sunkuya na ce tulou, in nemi gafara? Kafin alƙali ya ce biyu silifas ɗinta ya sauka a ƙeyata."

"Ƙeyar taka ai fili ce, ko makaho ya jefa ba zai kuskure ba."

"Ranar Lahadi kuma wa zai zuba mini gwaza da madarar kwakwa? Ka san hannunta in ta yi fushi. Ƙashi za ta ba ni."

"Da ta taimake ka. Jiya da ka hau igiyar dandali, sai da na ji ƙarfen yana kiran sunan Allah."

Na yi dariya, amma ban yarda da Penaia ba. Wannan yaron ya taɓa faɗowa daga saman tsani, kafaɗa ta goce, ya miƙe ya ƙarasa wasa. Ba silifas ne zai sa ya yar da aikinsa ba. Malaki ma ya sani. Yana zolaya yana lura da jikan.

"To mu yi yadda kake so," in ji tsohon. "Ni in kayar da kai. Ka san da me nake gama wasa?"

"Kowa ya sani. Ɗaukar buhu."

"In saɓa ka a kafaɗa in zagaya da kai. Kai. Da wannan gwiwar." Ya buga bandejin. "Gara in ɗauki firjin gidanmu da abin da ke cikinsa."

"Sai in yi tsalle in taimake ka."

"Tsallenka na ƙarshe a makarantar firamare ne. To na ci, kambu yana hannuna. Wata mai zuwa wa Rhonda za ta turo mini?"

Ni na amsa masa: "Brodie."

Brodie, wani ɗan kokawarmu, yana can ƙarshen baranda tun rana, yana cika yana batsewa don ba shi aka zaɓa ba. A sana'ar da kowa ke kula da ƙashin abokin karawarsa, shi mutum ne da ke mantawa da gangan.

"Brodie," in ji Malaki. "Ka ga jikan kirki. Yana jin kunyar taɓa kaina, sai ya miƙa wa mahauci ni gaba ɗaya."

"Papa, bar wannan maganar."

"Ba zan bari ba, mai kan kwakwa. Ko gadon garejina kake so da wuri? Babu komai a ciki sai tsofaffin kaset da injin yankan ciyawa da ba ya tashi."

"Garejin!" Penaia ya miƙe tsaye, murya ta canza. "Bara da aka yi maka aikin gwiwa, ina ka zauna? A garejin nan. Ka rufe ƙofa, kana kallon wasanninka na da, ba ka kunna sauti. In kawo maka abinci ka ce na gode. Na gode, Papa! Ni! Na aske rabin kaina na shigo, ka dube ni ka ce ya yi kyau. Damina guda ba ka zage ni ba ko sau ɗaya. Na ɗauka mutuwa za ka yi. Sai da ka dawo fage ka ce mini mai cikin tulu, sannan na samu barci. Yanzu in kwantar da kai da hannuna, ka koma can?"

Ta bango muna jin Rhonda tana faɗa da wani a waya kan fitilu.

Malaki ya ɗaure bakin bandejin a hankali. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja, amma bakinsa bai rasa abin faɗa ba.

"Ashe zagi kake nema? Haba, da ka faɗa tun farko! Alƙali, gaya masa inda Rhonda za ta ajiye ni daga Asabar mai zuwa."

"Teburin sharhi," na ce. "Gefen dandali, da makirufo."

Penaia ya dube ni, ya dubi kakansa. "Ƙarya kuke yi."

"Ni na roƙe ta, har da sunkuyawa," in ji Malaki. "Da a kicin nake zaginka, daga ni sai kakarka. Yanzu jihar Queensland kaf za ta ji. Zan ba su labarin bokiti. Zan gaya musu shekarar da ka daina fitsarin kwance, in ka daina."

"Ba za ka yi ba!"

"Kowace Asabar. Amma ba a ba mai kambu makirufo. Sai na faɗi tukuna. Ka ga ke nan bakina yana hannunka: ko ka kayar da ni in yi ta zaginka, ko Brodie ya kayar da ni ka riƙa kawo mini romo ina cewa na gode."

Penaia ya rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka kuka ne, sai dariya ta ƙwace masa.

"Tsohon nan mugu ne. Shi ya sa matata ta fi sona."

"Matarka ita ta ce in ka yi mini a hankali kamar mai ajiye ƙwai, gwazar Lahadi sai dai ka ji ƙamshi. Ta gaji da shafa mini man zafi."

Malaki ya cire jar sarƙar wuyansa, wadda bai taɓa shiga fage babu ita ba, ya rataya ta a ƙusar da ke saman jakar Penaia.

"Kada ka taɓa sai an tashi. Wuyanka ma ban ga inda yake ba."

Daga zauren muka ji an saki kiɗan buɗe wasa, ihun mutane ya biyo baya. Malaki ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya saɓa kambun, ya taka zuwa ƙofa yana ɓoye ɗingishi kamar yadda ya saba. Da ya kama mariƙin ƙofar sai ya juyo.

"In ka zo kama kaina, ka ce tulou da ƙarfi, matan coci su ji. Daga nan ka buga ni da gaske. In na ji ka sassauta, na rantse zan tashi a biyu."