Yadda Ake Saukar Baƙuwar da Ba Ta Cin Nama Ba Tare da Unguwa Ta Ji Ba

An riga an yanka zakaran. Yana cikin ruwan zafi, kin fige rabin gashinsa, sai waya ta ɗauki ruri a kan turmi. Ɗanki ne Abdulbasit, mai tuƙa motar ma'aikatan asibitin da ke maganin gubar dalma a Anka. Wata uku yana yi wa shugabarsa Madam Lilian kurin girkin Innarsa, ta amsa gayyata, yau za su iso Gummi bayan Azahar. Wannan kin sani, shi ya sa zakara ya rasa ransa. Abin da ba ki sani ba shi ne abin da ya kira ya faɗa yanzu, murya ƙasa-ƙasa.

"Inna, na mance ban hwaɗa miki ba. Ba ta cin nama."

Kada ki saki wayar cikin ruwan zafi. Matakai takwas ne a gabanki, kuma na ba ki tabbaci: in kika bi su ɗaya bayan ɗaya, baƙuwa za ta tashi a ƙoshe ba ta taɓa ko gashin dabba ba, unguwa kuma za ta rantse ta cinye zakara guda. Na biyun shi ne aikin. Ciyar da mutum ganye ba wuya. Wuyar ita ce Dije, maƙwabciyarki ta bayan katanga, wadda ta shekara ashirin tana jiran ranar da za a ce a gidan Malam Halilu an sauki baƙo da abincin awaki. In maganar nan ta fita, za a yi ta juya ta a gidajen suna har jikokinki su yi aure.

Mataki na 1: Ki yi ciniki

Kada ki sallama a maganar farko. Mutum in ya ce ba ya cin nama, sau da yawa na shanu yake nufi. Ki tambayi ɗanki, kaza fa? Zai ce a'a. Zabo fa? Kifi, wanda ko yanka shi ba a yi? Ƙwai, da bai riga ya zama kowa ba? Nono, man shanu, zuma, soyayyar fara? Zai yi ta cewa a'a har muryarsa ta dushe.

A nan Malam Halilu zai leƙo daga zaure ya ba da fatawarsa: a tsame naman a ba ta romon, ai romo ruwa ne. Ki isar da saƙon don girmama maigida. Amsar ba za ta sauya ba.

Tambaya ta ƙarshe ita ce mai muhimmanci: ciwo ne? In ciwo ne kin tsira, domin unguwa tana yafe wa mai hawan jini komai. Amma zai ce miki lafiyarta lau, tausayin dabbobi ne kawai, har abin yana da suna da Turanci. Kada ki wahalar da kanki riƙe sunan. Ki yi mata addu'a a zuci, ki kashe wayar.

Mataki na 2: Zakaran ya koma shaida

Wasu marasa ilimi sukan ɓoye zakaran a wannan gaɓa. Kuskure ne babba. Bai mutu a banza ba, aiki kawai ya sauya.

Ki ƙarasa figa. Gashin kada ki binne shi, ki watsa a bakin kwata, inda duk mai wucewa zuwa rijiya zai taka. Ki ɗauke murhu ɗaya ki kai shi gindin katangar Dije, ki duba inda iska ke kaɗawa, ki soya naman da albasa mai yawa. Ki bar man ya yi ta ƙara. In da hali ki yi tari, ki ce wa iska yajin nan ya yi yawa.

Bincike ya nuna hancin maƙwabciya yana riƙe ƙamshin suya awa shida. Ya ishe ki.

Mataki na 3: Ki kwance wa hannunki makamai

Babban maƙiyinki yau hannunki ne na dama. Shekara talatin yana zuba man shanu a kan tuwo ba tare da ya nemi izininki ba, kuma yau ma zai yi. Ki ɗauki kwalbar ki kai ɗakin Malam, ki kulle, ki ba shi mabuɗin. Dunƙulen miya mai hoton kaza a jiki shi ma ya bi ta. Ki fito da daddawa, ki ba ta haƙuri kan shekarun da kika yi kina raina ta.

Ludayi biyu za ki yi aiki da su. Na naman ki ɗaura masa tsumma ja. In kika kuskure kika tsoma shi a tukunyar baƙuwa, ki tsaya ki duba hagu da dama. In ba wanda ya gani, wannan tsakaninki da Mahaliccinki ne, ni ba ruwana.

Mataki na 4: Ki dafa abin da kika rantse kin bar shi har abada

Yanzu ki zauna ki tuna shekarar da damina ta ƙi, lokacin kina amarya, rumbu ya yi ƙasa. Me kuka ci? To, shi za ki girka.

Ki ɗebo ƙullun dawar da kika kwaɓa jiya don kunu, ya riga ya yi ɗan tsami. Ki ƙara gari ya yi tauri, ki mulmula, ki gasa hoce a tukunyar ƙasa har bayansa ya yi ja. Ki tsinko zogale ki dafa, ki matse, ki kwaɗanta da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da ɗan man gyaɗa. Ki surfa wake ki yi alala, ban da ƙwai a tsakiya, ban da kifi. Miyar kuka ta tafi da daddawa da citta kawai.

Za ki ji kunya tana hawo miki tun daga ƙafa. Daidai ne. Wannan abincin ne kike ci a tsaye bayan ɗaki in ba kowa, yau ga shi za ki zuba a kwanon tangaran na cikin kabad. Ki yi aikin can ƙuryar gida, kuma daka ƙuli-ƙulin ki yi shi a hankali. Dije tana gane abin da ke cikin turmi daga sautin taɓarya.

Mataki na 5: Kayan zaƙi

Mutanen asibiti ba sa tashi daga abinci sai sun ɗora wani abu mai zaƙi. Kek za ki yi, ba ƙwai, ba bota, ba madara. Kada ki yi dariya, yana yiwuwa, sai dai ba ya da fara'a.

Ki dame ayaba biyu da suka nuna har suka fara baƙi, ki zuba fulawa da sukari da man gyaɗa da ɗan bakin hoda, garin nan mai sa kek ya tashi. Madadin madara ki tace kunun aya mai kauri ki zuba. Ki shimfiɗa yashi a gindin tukunya, ya yi zafi, ki jera gwangwanaye a kai, ki rufe, ki ɗora garwashi a kan murfi. Gwangwanin tumatir za ki nema. Na kifin da kika saba gashi da shi, ko sau bakwai kika wanke, sai ya tona miki asiri.

In ya tashi, kek ne. In bai tashi ba, ki yanka shi ƙanana ki ce haka ake yin sa a Bukkuyum. Ba za ta je ta tambaya ba.

Mataki na 6: Kwanon maƙwabta

Baƙi sun iso, an yi gaisuwa, an shimfiɗa mata tabarma a ɗakinki. Madam Lilian doguwa ce mai yawan murmushi, tana jin Hausa gwargwado, tana ce miki Mama. Ta ɗanɗani hoce ta lumshe ido. Kada wannan ya ruɗe ki, domin yanzu ne kwanuka za su fara shigowa.

Kin san al'ada: gidan da ya yi baƙo, maƙwabta sai sun aiko. Na Dije ne zai fara zuwa, farfesun kayan ciki, da ƙwaryar fura da nono har da mai yana yawo a sama. Ba don Allah ta aiko ba. So take ta ga yadda kwanon zai dawo. In ya koma ba a taɓa ba, ta gano komai kafin La'asar.

Saboda haka ki tura kwanukan zaure. Malam Halilu da Abdulbasit su ne rundunarki. Ki gaya musu sunan gida ne a hannunsu: zakara, farfesu, fura, da duk abin da zai biyo baya, sai sun ga bayansa. Malam zai ce shi mutum ne mai sadaukarwa. Zuwa kwano na huɗu zai daina magana. Ki karɓo ƙasusuwan zakaran a faranti, kada a zubar, suna da aiki a gaba.

Mataki na 7: In Dije ta shigo da kanta

Za ta shigo. Za ta ce ta zo yi wa baƙuwa barka da zuwa, idonta kuwa yana kan tabarma tun daga bakin ƙofa. Da kin ji sallamarta, ki tura farantin ƙasusuwan bayan baƙuwa, inda mai shigowa zai gani, ita kuwa mai zaune ba za ta gani ba. Ki ja mayafinki ki rufe kwaɗon zogale. Hocen ba zai ɓoyu ba, yana hannun Madam Lilian, tana ɗaukarsa hoto da waya.

Dije za ta zauna, ta gaisa, ta tambayi hanya, sannan ta juyo gare ki a hankali.

"Uwani, mi nike gani haka? Hoce anka ba baƙuwa?"

Ki rage murya kada baƙuwa ta ji. Ki ce ai ta gama da zakaran tun ɗazu, wannan na wanke baki ne, ita ta roƙa don ba ta taɓa gani ba. Ki nuna farantin da haɓa. Dije za ta miƙa wuya ta duba. Malam Halilu mutum ne da ba ya barin ƙashi da ɓargo, duk ya tattaune su sun zama kamar tsakuwa. Za ta daɗe tana kallo, ta kalli siririyar baƙuwar, ta sake kallon farantin.

"Lalle baƙuwar ga tana da haƙora," za ta ce.

A daidai nan Madam Lilian za ta buɗe baki don ta yaba miki, kuma yabon nan shi ne zai kashe ki, domin za ta fara da cewa tun da ta zo Zamfara ba a taɓa yi mata girki ba nama ko kaɗan sai yau. Kada ki bari ta kai rabin jimla. Ki cusa mata kek a hannu, ki ce Bisimilla, ki ƙara mata kunun aya, ki tambayi Dije labarin ƙafarta mai ciwo. Dije ba ta taɓa ƙin amsa wannan tambaya ba. Za ta yi ta bayani har baƙuwa ta manta abin da za ta ce, ta koma duba mata gwiwa.

Mataki na 8: Sallama a bainar jama'a

Baƙo ba ya barin gidan mutunci hannu sake. Ƙwan zabi da kwalbar man shanu aka saba bayarwa, duka biyun kuwa ba za ta karɓa ba, kuma a ƙofar gida za a yi, mata na leƙe ta kowace katanga.

Ga dabarar. Ki kamo kaza mai rai, budurwa, ki ɗaure ƙafafun da tsumma, ki miƙa mata a gaban kowa. Matacciya ce ba ta so. Mai rai za ta rungume ta kamar jaririya, ta kwance mata ƙafa, ta ce za ta yi mata ɗaki a Anka, ba mai taɓa ta har ta tsufa. Unguwa ba za ta ji wannan ba, abin da za ta gani shi ne baƙuwa ta ci zakara ta kuma tafi da kaza. Hocen da ta roƙa a ƙunsa mata, ki sa shi can ƙasan jaka. In ta fito da ɗan littafi ta tambayi cikakken sunanki da yadda ake kwaɓin, ki faɗa mata da sauri, mota na jira.

Mota ta tashi. Dije ta ce lalle an yi karamci. Malam yana kwance a zaure yana neman kanwa. Kin ci nasara, kamar yadda na yi miki alkawari.

Sanarwa

Tabbacin da na bayar ya ƙare ne a daidai lokacin da motar ta sha kwana. Ban ɗauki alhakin cikin Malam Halilu ba, ko ludayin da aka tsoma a inda bai kamata ba, ko kazar da za ta mutu da tsufa a Anka tana cin shinkafa. Haka kuma ban san Madam Lilian tana da baki ba, ban san wa take nuna wa hotunan wayarta ba.

Saboda haka in bayan kwana tara, da hantsi, kina shanya a tsakar gida, kika ji babur ya tsaya a waje, wani mutum da jaka a kafaɗa da na'urar ɗaukar magana a hannu ya yi kuskuren ƙofa ya yi sallama a gidan Dije, ni ban aiko shi ba. Za ki ji shi ta kan katanga yana cewa daga gidan rediyo yake, shirin mata na ranar Asabar, yana neman Malama Uwani, gwanar da ta sauki babbar baƙuwa da hoce da zogale ba ko ƙwayar nama, ana so duk jihar ta ji daga bakinta.

Sannan ki ji Dije tana jawo takalmanta.

"Ba ko ƙwayar nama, kac ce? Taho, ɗana. Ni da kaina zan kai ka."